Shekarar da Matasan Wudil Suka Aike Ni Taron Duniya

Abin da na fi tunawa game da shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki shi ne yadda bakin mutanen Wudil ya buɗe. A tasha magana, a bakin gada wajen masu suyar kifi magana, a karar shanu ranar Juma'a magana. Mahaifina ma'aikacin gandun daji ne a ƙaramar hukuma, mutum mai shiru-shiru da ba ka cika jin muryarsa ba sai in gaisuwa yake amsawa. Amma a wannan lokacin sai da na jiyo shi daga cikin gida yana gardama da maƙwabcinmu a kan abin da ya kamata kansila ya fara yi wa unguwa. Umma ta ajiye muciya ta saurara, ta ce, "Yau kuma Malam ne da siyasa?" Muka yi ta dariya.

A lokacin na gama kwalejin horon malamai, ina koyarwa a wata firamare a Utai, ban yi aure ba tukuna. Yayana wanda nake bi yana da shagon gyaran rediyo kusa da kasuwa. Shi da abokansa suka ga kowa yana kafa ƙungiya, su ma suka kafa tasu ta dashen itatuwa, don sun san Baba ba zai hana su dashe ba. Darbejiya da mangwaro da zogale muke karɓowa, mu dasa a makarantu da bakin masallatai, mu yi musu shinge da ƙaya saboda awaki. Mu mata muna da yawa a ciki, galibi malaman makaranta da ɗalibai. Kowace Asabar bayan la'asar mukan haɗu a wani aji na firamaren unguwarmu, maza a ɓangare ɗaya, mu a ɗaya. Shugabanmu tela ne, dogo siriri mai son tsari, da abin goge allo yake buga tebur in surutu ya yi yawa.

Wata Asabar muna cikin taro Baba ya shigo tare da wata baƙuwa. Malama ce a jami'a a Kano, tana bincike a kan fadamun da ke bakin koginmu, a nan suka san juna da Baba. Bayan an daɗe ana gaisawa, ta tambaye mu ko mun taɓa jin kalmar sauyin yanayi. Yaya ya ce yana ji a rediyo. Ta ce to, hayaƙin da masana'antu da motoci suke fitarwa yana taruwa a sama yana ɗumama duniya, shi ya sa damina take rikicewa a wasu wurare, teku kuma yake cin ƙasa a wasu. Ta ce duk shekara gwamnatocin duniya suna zama su yi ciniki a kan wa zai rage hayaƙinsa, wa kuma zai taimaki waɗanda abin ya fi shafa. A bana an ware wa matasa gurbi su je su gani, su kuma faɗi ra'ayinsu, kuma ita aka ba damar ta taho da mutum ɗaya daga ƙungiyar da take aiki na gaske a karkara.

Sai wani daga baya ya ce, "Malama, a Kano za a yi?"

"A Turai," in ji ta.

Ranar shugaba ya buga tebur har ya gaji.

Malama ta ce kafin mu zaɓi wanda zai je, gara mu ɗanɗana yadda abin yake. Asabar ta gaba ta dawo ta rarraba mu. Wasu suka zama ƙasashe masu masana'antu, wasu masu arzikin mai, wasu ƙasashen da hamada ke ci irin namu. Ni da ƙawayena biyu aka ce mu ne tsibiran da ke tsakiyar teku. Na ce, "Malama, ni fa ban taɓa ganin teku ba." Ta ce, "Kin taɓa ganin koginku ya cika?" Na ce na gani. Ta ce, "To ki ɗauka ta kowane gefe haka yake, kuma babu tudun da za ki gudu."

Yaya ne ya zama babbar ƙasa mai masana'antu, kuma wallahi kamar don shi aka yi. Ya kishingiɗa a kan bencin yara, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, duk abin da aka kawo sai ya ce, "Za mu duba." Malama ta rubuta jimla ɗaya a allo: ƙasashe masu arziki za su rage hayaƙi. Yaya ya ɗaga hannu ya ce bai yarda da "za su" ba, a mayar da ita "ya kamata su". Masu mai suka ce sun goyi baya. Muka ce ba mu yarda ba. A kan wannan 'yar kalma muka kai har magariba ta gabato, tela yana ta bugun tebur yana cewa, "Ɗaya bayan ɗaya, jama'a, ɗaya bayan ɗaya!"

Da aka ba ni dama na miƙe. Ban shirya komai ba. Abin da ya zo mini shi ne shekarar da kogi ya haura ya shanye fadama, muka tsaya a kan gada muna kallon kan masara yana leƙe daga cikin ruwa, masu kwale-kwale suna tsamo tumaki. Na faɗa musu wannan. Na ce mu mutanen tsibiri ba mu da gadar da za mu tsaya a kai. Na juya na dubi Yaya na ce, "Ranka ya daɗe, in gidanka ne ruwa ya kai ƙofar ɗaki, 'ya kamata' za ka ce wa mai kwale-kwale, ko 'zo yanzu'?"

Aka fashe da dariya da tafi. Yaya ya sauke ƙafarsa, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, za mu duba." Dariyar ta ƙaru har Malama tana share ƙwalla.

Zaɓen wanda zai tafi kuwa, sai da aka yi shi kamar na gaske, don a lokacin kowa yana ɗokin zaɓe. Mutane biyu aka tsayar. Ɗaya sakatarenmu, malamin asibiti ne, Turancinsa ya fi na kowa a cikinmu, kuma shi ya fi kowa wahala a kan shuke-shukenmu. Ɗaya kuma ni, kuma Yaya ne ya ambaci sunana ban san zai yi ba. Aka ce a fita fili, kowa ya bi bayan wanda yake so. Na tsaya ina kallon bangon makaranta, na kasa waiwayawa, ina jin takun mutane a bayana ban san ko nawa layin suke shiga ba ko wucewa suke yi. Sai da na ji guɗar ƙawayena sannan na juya. Layina ya ɗan fi tsawo. Sakatare ya tako ya tsaya a gabana yana murmushi ya ce, "Malama, Allah ya sanya alheri. Amma da sharaɗi. Duk abin da kika gani ki dawo mana da shi, kar ki rage ko kaɗan." Daga ranar shi ya riƙa zama da ni da Yaya a zauren gidanmu yana yi mini tambayoyi da Turanci don bakina ya saba.

Baba yana wurin aka yi komai, amma sai washegari da safe bayan mun gaisa ya yi mini maganar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na. Ya ce, "Uwata, ni na yarda, tunda tare da Malama za ku tafi ku dawo. Amma ni ma ina da na gaba. Ki je Ɗankaza ki gaya wa Hajiya da bakinki."

Yaya ya ɗauke ni a babur muka tafi. Gero ya yi kai a lokacin, hanya duk kore. Muka sami kakata a tsakar gida tana tsinke zogale. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na kwashe labari na faɗa mata.

Ta ce, "Takwara, a jirgin sama za ki?"

Na ce, "E, Hajiya."

"To mene ne a ciki? Ni da na hau na je Makka na dawo, wani abu ya same ni? Ki dai riƙe addu'arki, in sun kawo abinci ki ci, kar ki yi fulako." Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Can ta ɗago ta ce, "Kika ce a kan ruwan sama za su yi magana?"

Na ce har da shi.

"To ki gaya musu mu nan ruwa ya daina zuwa da tsari. Wata shekara ya yi ta jan rai har iri ya ƙone a ƙasa, wata shekara ya zubo gaba ɗaya ya rushe mana ɗakuna. Ba mu san lokacin da za mu yi shuka hankali kwance ba. In akwai hannun mutum a ciki, ya ji tsoron Allah ya cire. Kin iya faɗa da Turanci?"

Na ce zan gwada. Ta sa aka kamo mini kaza.

Sauran makonnin a hanyar Kano suka ƙare, tsakanin neman fasfo da biza. Umma ta yi mini dambun nama da ƙuli-ƙuli da yaji mai yawa, ta ce ta ji an ce abincinsu ba shi da ɗanɗano. Tela ya ɗinka mini atamfa kala uku bai bari an yi maganar lada ba. Yaya ya kai ni wajen 'yan gwanjo a Kano muka sayi wata ƙatuwar rigar sanyi da ta sauko mini har gwiwa. Da na gwada ta a gida a kan atamfa, ga zafin rana, Umma ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

Ranar tafiya motar haya guda 'yan ƙungiya suka cika suka raka ni filin jirgi. Ban ji tsoro ba sai da jirgin ya fara gudu. Malama ta riƙe hannuna. Da muka ɗaga na leƙa ta taga ina neman koginmu, na ga wani siririn abu yana ƙyalli daga nesa, na ce mata ga shi can. Ta ce mai yiwuwa ne. Ni dai har yau na ɗauka shi ne.

Garin da muka sauka sanyinsa ya wuce duk abin da aka kwatanta mini. Yayyafi ake yi ba ya tsayawa, rana kuma ba ta daɗewa take faɗuwa. Rigar gwanjon nan da aka yi wa dariya ita ta cece ni. Wurin taron wani makeken gini ne mai zauruka da yawa, mutane kala-kala suna ta sauri da jakunkuna, kowa da kati rataye a wuya. Launin katinka shi yake nuna inda za ka iya shiga. Na wakilan gwamnati daban, namu na 'yan kallo daban. Akwai zaurukan da muke shiga mu zauna a baya mu saurara, akwai waɗanda mai gadi zai dubi katinka ya yi murmushi ya girgiza kai.

Da farko abin ya ɗan sosa mini rai. Na ce wa Malama, "Ashe kallo kawai muka zo yi?" Ta ce in je ɗakin matasa gobe da safe, sannan in sake tambayarta.

Ɗakin matasa ƙarami ne, kujeru ba sa isa, wasu a ƙasa suke zama. Kowace safiya ake haɗuwa, waɗanda suka saurari zaure kaza jiya su faɗi abin da aka yi, a raba aikin yau. Ranar farko aka ce kowa ya faɗi inda ya fito. Wata yarinya kakkaura mai fure a gashinta ta ce ita daga wani tsibiri take a tsakiyar teku, mai faɗin da za ka iya ratsa shi da ƙafa kafin shayinka ya huce. Ban san lokacin da na ce "Kai!" da ƙarfi ba. Kowa ya juyo. Da aka tashi na je na same ta, na ce mata da guntun Turancina, "Ni na taɓa zama ke." Na ba ta labarin ajinmu da Yaya da "za mu duba". Ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce, "To ai yayan naki yana nan. Zo in nuna miki shi." Ta ja hannuna zuwa wani zaure, muka zauna a baya, ta nuna mini wani wakili mai furfura yana magana a hankali cikin ladabi, yana roƙon a canza kalma ɗaya a cikin jimla. Na toshe bakina da mayafi don kar a ji dariyata.

Daga ranar ba mu rabu ba. Ita ta nuna mini yadda ake bin takardun taron. Duk kalmar da ba a amince da ita ba sai a sa ta cikin baka biyu, wani shafin ka ga bakan sun fi kalmomin yawa. Aikin wakilai shi ne su yi ta ja har a cire su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na koya mata cin ƙuli-ƙuli. Yajin Umma ya yi suna a teburin cin abincinmu, har wani saurayi daga ƙasar da ke da dusar ƙanƙara ya zuba da yawa a kan dankalinsa, ya yi ja wur, yana hawaye yana cewa a ƙara masa.

Akwai wani ɗan ɗaki da aka keɓe don salla. A nan nake haɗuwa da mata daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, ba ma jin yaren juna, sai sallama da murmushi, mu jera mu yi azahar. Wata rana ina fitowa na ji an ce a bayana, "Wannan atamfa dai daga gida take." Na juya na ga wani dattijo da babbar riga da katin wakilan gwamnati. Jin Hausa a wurin nan ya sa na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, mutane suna ratsa mu suna kallo. Ya tambaye ni garinmu, na ce Wudil. Ya ce, "Ikon Allah! Garin kifi. Ba na wuce gadar nan ban tsaya ba." Ɗaya ne daga cikin wakilan ƙasarmu. Ya tambayi abin da ya kawo ni, na faɗa masa, har da saƙon Hajiya. Ya saurara bai katse ni ba. Ya ce, "'Yata, mu a ciki lissafi da doka muke ta fama da su, kuma dole ne a yi su. Amma irin wannan maganar tana ƙara mana ƙarfin gwiwa. Gobe ƙasashen Afirka za mu zauna, zan nemi izini ki shigo ki zauna a bayana." Ya cika alkawari. Na zauna a bayansa na ga yadda ƙasashe maƙwabta suke daidaita bakinsu kafin su fuskanci manya. Na fahimci abubuwa da yawa a wannan zaman.

Gab da ƙarshen taro aka sanar cewa an ba matasa 'yan mintuna su yi jawabi a babban zaure. Mutum ɗaya zai karanta, amma kowa yana son maganarsa ta shiga. A nan na ga mu ma ba mu tsira daga halin manya ba. Muka yi ta ja a kan kalmomi, wannan ya ce a sa, wancan ya ce a cire. Na ɗaga hannu na ce ina da saƙo daga kakata. Na faɗe shi yadda na iya: a garinmu manoma ba su ƙara sanin lokacin da za su yi shuka hankali kwance ba. Wata yarinya daga kudancin Amurka ta ce kakanta ma haka yake faɗa. Wani daga Indiya ya ce su ma. Aka amince a sa, ba wanda ya nemi a saka ta cikin baka.

Ƙawata 'yar tsibiri aka zaɓa ta karanta. Muka zauna a can sama, na sa abin saurare a kunne. Ta fito ita kaɗai a gaban wannan taron jama'a, da furenta a ka. Da ta zo kan jimlar Hajiya ta ɗan dakata, ta ɗaga kai wajen da muke. Na yi sauri na murɗa abin kunnen zuwa Larabci, na ji tafinta yana faɗar maganar kakata, na murɗa zuwa Faransanci na ji wata mace tana ƙarasa ta. Tsohuwar da ke tsinkar zogale a Ɗankaza, ga maganarta tana shiga kunnen ministoci da harsuna iri-iri. Hawaye suka zubo mini ina dariya. Malama ta miƙo mini hankici ta ce, "Har yanzu kallo kawai kika zo yi?" Na girgiza kai.

Da muka dawo, tun daga kan gada na hango 'yan ƙungiya a tasha. Ƙawayena suka rungume ni, Yaya ya ɗauki jakata ya ɗora a ka yana tafe yana cewa a ba wakiliya hanya. A gida Umma ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta zauna tana kallona ina ci, tana cewa na rame. Baba ya bari sai da na ƙoshi, sannan ya ce, "Uwata, sannu da hanya. Kin isar da saƙon Hajiya?" Na ce na isar, Baba. Ya ce, "Madalla," ya tashi ya fita, amma na ga murmushi a fuskarsa.

Asabar ajin bai ɗauke mu ba, sai a fili aka shimfiɗa tabarmi, har da dattawan unguwa da kansilanmu. Na ba da labari tun daga hawa jirgi. Sakatare yana ta yi mini tambayoyi, bai bar ni na tsallake komai ba. Daga ƙarshe wani manomi daga Lajawa ya ce, "To 'yar nan, a taƙaice, sun yarda za su rage hayaƙin?"

Na gaya masa gaskiya. Na ce an amince da wasu abubuwa, wasu an ɗaga sai baɗi, wasu ƙasashen kuma har yanzu suna ja. Ya ce, "To ai ko rikicin iyakar gona ba a gama shi a zama ɗaya. Tunda dai suna zama, kuma an ji tamu, alhamdu lillahi." Kansila ya miƙe ya ce zai nema mana fili kusa da kogi mu yi wurin renon itatuwa namu na kanmu, kuma ya nema. Shekarar da ta biyo baya aka gayyaci ƙungiyarmu wani zaman share fage a Abuja, muka tura sakatare ba tare da an ja layi ba. Hajiya kuwa da na je na ba ta labari, cewa ta yi, "Har da Larabci? To Allah ya sa sun ji." Ta sa na maimaita mata wurin saurayin da ya sha yaji har sau biyu.

Ranar Litinin na koma aiki Utai. Ina shiga aji yara suka miƙe suka gaishe ni da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Na yi niyyar in yi musu bayanin hayaƙi da ɗumamar duniya, har na zana rana da gajimare a allo. Amma hannuwa suka tashi ko'ina. Wata ta ce, "Malama, a cikin jirgi akwai banɗaki?" Na ce akwai. Aji ya kaure. Wani ya ce, "To ina abin yake zuba?" Wata kuma tana son ta san ko Turawa suna da awaki, ko kuma da gaske ne ƙanƙara tana saukowa kamar auduga. Na ce ni dai ban ga ƙanƙara ba, yayyafi kawai na gani. Suka ce, "Haba Malama!" kamar na yi musu asara.

Na ajiye alli na zauna a bakin tebur na yi ta amsa musu. Har aka kaɗa ƙararrawar tara ba wanda ya motsa, mai ƙosai tana bakin taga da tirenta ita ma tana saurare. Darasin gajimare sai washegari muka yi shi.